Gwajin QuantiFERON: sai da aka ɗebi jinina sau biyu kafin na gane me yake aunawa

Ni fa ba tari ne ya kai ni ba, ko atishawa ba na yi a lokacin. Ciwon baya ne. Shekara kusan shida ina fama da shi, irin wanda da asuba in na farka sai in ji kamar an zuba min siminti a ƙugu ya bushe, sai na yi ta motsi kusan awa guda kafin ya sake ni, kuma abin haushi kwanciya ƙara shi take yi, tafiya ce ke rage shi. Na sha magungunan kashe zafi har cikina ya fara kawo ƙara. Daga ƙarshe likitan gaɓoɓi ya duba hotuna da sakamakon jini ya ce garkuwar jikina ce da kanta take hura kumburi a mahaɗar ƙashin baya da na ƙugu, kuma yana son ya ɗora ni kan allurar adalimumab, wadda ake yi ƙarƙashin fata duk sati biyu. Na ce to Likita a fara yau mana, me ake jira. Ya yi dariya ya ce a'a Malam, sai mun fara sanin ko akwai tibi, wato tarin fuka, kwance a jikinka, kar garin gyaran gira mu rasa ido. Ya ja takarda ya rubuta QuantiFERON-TB Gold Plus.

To shi zan yi magana a kai, don na lura mutane da dama ana tura su yin sa ba tare da an yi musu bayani ba, sai sakamako ya fito hankali ya tashi a banza, ko kuma ya kwanta a inda bai kamata ya kwanta ba. In za a ce in ba shi maki sai in ce huɗu cikin biyar, kuma ɗayan da na cire ina da dalilai har uku, za mu zo kansu.

Yadda ake yi ba wani abin tsoro ba ne. Kwalabe huɗu ne ƙanana, kowacce da kalar murfinta, akwai mai ruwan toka, kore, rawaya, sai mai shunayya, kowacce mililita 1 kacal na jini take so, akwai ma baƙin layi a jikin kwalbar da ke nuna inda jinin zai tsaya. Ba azumi ake ba, ba a ce ka daina komai ba, minti biyar ka gama ka kama gabanka. Wanda ya taɓa yin na fata shi zai fi gane daɗin wannan, domin shi na fatan, wanda ake kira Mantu, ana tsira maka allura a cikin fatar hannu sai wani ɗan ƙululu ya taso, a ce ka dawo bayan awa 48 zuwa 72 a auna taurin wurin da rula, in ka makara shi ke nan sai a sake. Ni an taɓa yi min shi shekarun baya lokacin neman wani aiki, wurin ya tashi ya yi ja, mai dubawar ta kalli tabon BCG, allurar rigakafin tibi, da ke damtsena ta ce ai ƙila wannan ne ya jawo, ta sa hannu na wuce. Wato dai an yi gwaji amma ba wanda ya san amsar. Wannan matsala ita ce babbar abin da gwajin jini ya zo gyarawa, domin ruwan tuberkulin ɗin da ake tsirawa a fata, wanda asalinsa tun Robert Koch ne a 1890, tarkacen furotin ne masu yawa da ƙwayar tibi ke tarayya da su da ƙwayar allurar BCG da ma sauran danginsu na cikin ƙasa da ruwa. Shi kuwa na jini furotin biyu aka zaɓo, ESAT-6 da CFP-10, waɗanda ƙwayar BCG ta yar da su tun lokacin da Calmette da Guérin suke raunana ta a Faransa kafin a fara ba ɗan Adam a 1921. Don haka tabon damtsenka ba ya rikita shi.

Na farko da aka yi min, a wani ɗakin gwaji da ba zan kama suna ba, ranar Juma'a ce da yamma, yaron da ya ɗebi jinin yana waya a kafaɗa, ya cika kwalaben ya jera su a tire bai ko jijjiga ba. Ni ban san ana jijjigawa ba balle in yi magana. Bayan kwana biyar sakamako ya fito, ba fozitif ba, ba negetif ba, an rubuta wai ba a iya tantancewa ba. Gaskiya raina ya ɓaci, na je wurin likita ina cewa wane irin gwaji ne wannan da zai ci kuɗi ya ci lokaci sannan ya ce bai sani ba. Likitan ya karɓi takardar, bai ko kalli layin sama ba, ya sa biro ya zagaye wata lamba a ƙasa, ta kwalba mai murfin shunayya, ya ce ka ga nan, 0.2, ya kamata ta kai 0.5 ko sama, yawanci ma a mai lafiya takan wuce 10. Sai ya tambaye ni ƙarfe nawa aka ɗiba, wace rana, an girgiza. Da na gaya masa sai kawai ya gyaɗa kai.

A nan ne na fara gane cewa wannan ba irin gwajin da muka saba ba ne, wanda za a ɗebi jini a nemi wani abu da ke cikinsa kamar suga. Ba ƙwayar tibi ake nema ba sam. Jinin da ke cikin kwalbar nan rayayye ne, fararen ƙwayoyin jininka suna nan da ransu, kuma abin da ake yi shi ne a nuna musu wani abu a ga ko za su yi ihu. An shafe cikin bangon kwalba kore da rawaya da gutsattsarin furotin ɗin nan na tibi, shi ya sa dole a girgiza sau 10 don jini ya wanke bangon ya gauraya da su, kuma ba girgizar hauka ba, don akwai wani abu mai kama da kitse a gindin kwalbar da bai kamata ya tarwatse ba. Daga nan sai a sa su cikin na'urar ɗumi a digiri 37, daidai zafin jikin mutum, kuma dole a sa kafin awa 16 da ɗiba, su kwana a ciki awa 16 zuwa 24. In akwai ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, a jininka da suka taɓa haɗuwa da tibi, za su gane furotin ɗin su fara fitar da wani sinadarin saƙo da ake kira intaferon gama, shi ne injin zai auna. Kwalba mai ruwan toka ba komai a cikinta, don a san yawan intaferon ɗin da ke yawo a jininka dama can, a cire shi daga lissafi. Ita kuwa mai shunayya an sa mata wani sinadari ne da ake samu daga wake, wanda ke tsokanar ƙwayoyin T ko sun san tibi ko ba su sani ba, kowa sai ya tanka. In ita ma ta yi shiru, to ko dai ƙwayoyin sun galabaita a hanya, ko garkuwar mai jinin ta yi ƙasa sosai, kuma shirun sauran kwalaben ba shi da ma'ana ke nan.

Da na fahimci haka sai haushina ya koma kan mai ɗibar jinin, gwajin kuwa ya ƙaru da daraja a idona. Ku duba fa, gwajin fata in garkuwarka ta yi sanyi wurin ba zai tashi ba, a rubuta maka negetif ka tafi gida da murna. Wannan kuwa yana da hanyar cewa kar ku yarda da ni yau. Kwalbar nan ta huɗu ita ce abin da na fi so a cikin kayan gaba ɗaya.

Tun da ciwon ya hana ni barcin asuba dama, sai na shiga karance-karance kan me ya haɗa allurar ciwon baya da tarin fuka, kuma abin da na samu ya fi ƙarfin yadda na zata. Ƙwayoyin cuta da yawa a waje suke yawo, cikin jini ko tsakanin tsoka, inda sinadaran kariya da ake kira antibodi za su iya manne musu. Ita tibi ba haka take ba. In ka shaƙe ta ta sauka can ƙarshen huhu, akwai wasu manyan ƙwayoyin garkuwa masu suna makrofej, aikinsu haɗiye duk wani baƙo su jefa shi cikin wata jaka su zuba masa asid su narkar. Sai su haɗiye ta kamar yadda suka saba, ita kuma sai ta hana jakar haɗuwa da buhun asid ɗin, ta shimfiɗa tabarma a cikin cikin maigadin ta fara hayayyafa. Da ɗan gari akan ci gari. Antibodi ba ya iya shiga can, don haka sai dai shi makrofej ɗin a tashe shi daga barci a ƙara masa ƙarfi ya kashe abin da ke cikinsa da kansa, kuma ba ya tashi sai an aiko masa da saƙo.

Saƙonnin nan su ne saitokin, ƙananan furotin da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna. Makrofej da 'yan uwansa masu kai rahoto su ke fara fitar da wani mai suna IL-12, ma'ana ga shi nan na haɗiyi abin da ya fi ƙarfina. Ƙwayoyin T da wasu da ake kira NK su ji, su mayar da amsa da intaferon gama. Shi kuma in ya sauka kan makrofej sai ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin halitta a cikinsa, jakar nan ta yi tsami, a fara samar da guba masu ƙona ƙwayar cuta, ya kuma ƙara fitar da IL-12 ɗin, abin ya zama zagaye, wannan na zuga wancan. Sunan intaferon ya samo asali ne daga aikin Alick Isaacs da Jean Lindenmann a Landan a 1957, su a kan bairos suke bincike, sai a 1983 Carl Nathan da abokan aikinsa a New York suka nuna cewa shi nau'in gama ɗin shi ne ainihin mai tada makrofej. Kuma ba a ɓera kaɗai aka gani ba. A 1996 aka wallafa labarin wasu yara huɗu daga wani ƙauye a tsibirin Malta da dangin tibi marasa ƙarfi, waɗanda kowa ke cuɗanya da su a ƙasa da ruwa ba abin da suke masa, suka yi musu mummunan kamu, da aka bincika sai aka tarar an haife su ne da lalatacciyar mahaɗar da ke karɓar intaferon gama a jikin ƙwayoyinsu. Saƙon yana zuwa, babu mai ɗauka. Akwai ma manya a Tailan da Taiwan da aka gano jikinsu na ƙera antibodi da ke kame intaferon gama ɗin nasu, suna kamuwa da irin cututtukan da aka fi gani a masu ƙanjamau alhali ba su da shi. Haka kuma shi ƙanjamau ɗin, ƙwayoyin T masu lambar CD4 yake cinyewa, su ne kuwa manyan masu aiko da wannan saƙo, shi ya sa shi da tibi suke tafiya kamar tagwaye.

To ina allurata ta shigo? Ta wajen TNF. Wannan wani saitokin ne, an sa masa suna a 1975 a ɗakin binciken Lloyd Old saboda an ga yana ruɓar da ƙarin daji a jikin ɓeraye, bayan shekara goma kuma aka gano shi ne dai wani sinadari da wasu masu binciken suke bi da wani sunan daban saboda yana sa dabba ta rame ta ƙanjame. Wato ramar nan ta mai tarin fuka da zazzaɓin yamma da zufan dare, da yawansu ba ƙwayar cutar ce ke yi kai tsaye ba, hayaniyar saƙonnin jikinka ce, TNF da IL-1 da IL-6 su ke zuwa ƙwaƙwalwa su murɗa ma'aunin zafi sama, IL-6 ya je hanta ya sa ta fitar da CRP ɗin nan da likitoci ke aunawa in suna son sanin ko akwai kumburi. Nawa CRP ɗin kullum a sama yake, kuma TNF ɗin nan ne ke cin ƙuguna. Amma a huhu aikin alheri yake. In jiki ya kasa kashe tibi gaba ɗaya sai ya kewaye ta, makrofej su taru su yi dunƙule, ƙwayoyin T su zagaye su, a yi wani ɗan ƙulli da bai fi ƙwayar gero ba wanda ake kira giranuloma, ƙwayar cutar na ciki a tsare, wani lokacin shekara talatin ko arba'in. TNF shi ne ke kiran ma'aikata yana riƙe da wannan katanga, ba gini ba ne da ake gamawa a tafi, kullum sai an yi yaɓe. Ka kawo allurar da ke kame TNF, bayanka ya samu sauƙi, yaɓen ya tsaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sai dai a nan fita yake yi.

Ba hasashe ba ne, an gani. An amince da infliximab, wani maganin da ke kame TNF, a Amurka a 1998, zuwa 2001 aka fitar da rahoton mutum 70 da tibi ta tashi musu bayan fara shi, yawanci cikin 'yan watannin farko, kuma 40 daga cikinsu ba ma a huhu kaɗai ta tsaya ba, ta fita zuwa wasu sassan jiki. Tun daga nan ya zama ƙa'ida a duba tibi kafin a ba kowa irin waɗannan magunguna. Adalimumab da aka rubuta min ya zo a ƙarshen 2002 kuma hanyarsu ɗaya. Abin da ya ƙara burge ni, masu bincike a ƙananan kifaye sun nuna cewa TNF in ya yi yawa ma matsala ce, makrofej ɗin su fashe ƙwayar cutar ta watsu, in ya yi kaɗan kuma ta ci karenta ba babbaka. Ko kuturta ma haka, ƙwayar cuta ɗaya ce, 'yar uwar tibi, amma wanda jikinsa ya amsa da intaferon gama sai ka ga 'yan tabo kaɗan ƙwayar ma da ƙyar ake ganinta, wanda jikinsa ya karkata ga wasu saƙonnin daban, su IL-4 da IL-10, kuwa ƙwayar ta cika fata maƙil ga antibodi birjik amma ba amfani. Wannan rabuwar ta hanyoyi biyu Mosmann da Coffman ne suka fara bayyana ta a ɓeraye a 1986. Na yi nisa, a yi haƙuri, amma in ba a san wannan ba ba za a gane takardar sakamakon ba.

Karo na biyu wani wurin na je, da safe, ranar Talata. Wata dattijuwar nas ce, na ce mata Sista don Allah wancan karon ba a girgiza ba. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce to ɗana ka ƙirga da kanka. Ta ɗiba tana duba baƙin layin, wata kwalbar ta ɗan jira har jinin ya kai, sannan ta haɗa huɗun a tafin hannunta ta yi sama da ƙasa da su muna ƙirgawa tare har goma, ta ɗaga su wajen haske ta nuna min yadda jinin ya shafe bangon ko'ina, ta rubuta lokaci a jiki, 9:20, ta miƙa wa wani ta ce a kai ɗumi yanzu. Bayan kwana uku sakamako ya fito. Ta ruwan toka 0.04, ta shunayya sama da 10, kore 1.6, rawaya 1.9. Layin yanke hukunci 0.35 ne bayan an cire ta ruwan toka. Fozitif, ba ko tantama.

Wallahi daren nan ban yi barci ba. Na riƙa kallon yarana ina tunanin na shafa musu, har na ware kofina. Kuma nan ne dalilina na farko na rage maki, duk da ba laifin kayan ba ne kaɗai: gwajin ba ya iya bambance tibi mai barci da mai aiki. Tambayar da yake wa jininka ita ce ka san wannan, ba wai yana cikin gidanka yana ɓarna yanzu ba. Wanda ke tari da jini da wanda jikinsa ya kewaye ta shekara ashirin da suka wuce, har ma da wanda ƙila ya gama da ita sarai sai tunawa kawai ta rage, duk suna iya fitowa fozitif, kuma girman lambar ba ya nuna tsananin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu za su yi ciwon a tsawon rayuwarsu, ita ma hukumar ta ce kar a yi amfani da wannan gwaji wajen gano tibi mai aiki. Mai tibin da ke barci ba ya shafa wa kowa. Duk wannan ba a rubuce yake a inda mara lafiya zai gani ba, kalma ɗaya ce da manyan baƙaƙe sai lambobi. Sai da aka yi min hoton ƙirji ya fito fes, likita ya yi min tambayoyi kan tari da rama da zufan dare ya ga babu, sannan ya ce Malam mayar da kofinka cikin sauran.

Dalili na biyu shi ne wanda na riga na ɗanɗana, gwajin shagwaɓaɓɓe ne. Jinin ya yi kaɗan matsala, ya yi yawa matsala, an ƙi girgizawa, an girgiza da ƙarfi, an bar shi kan tebur ya kwana, an sa a firij kafin ɗumi, kowanne na iya karkatar da lamba. Ga waɗanda lambarsu ta faɗo nesa da layi kamar ni ba damuwa, amma wanda ya samu 0.3 ko 0.4 fa, an sha ganin in aka sake bayan 'yan makonni sai ya tsallaka ɗaya gefen, ba don wani abu ya canza a huhunsa ba. Duk wanda tasa ta faɗo dab da layin ya roƙi a nuna masa lambobin duka huɗu, kar ya tsaya kan kalmar sama kawai.

Na uku kuwa shi ya fi damuna in na yi tunani. Tun da gwajin ihun ƙwayoyin T yake saurare, to waɗanda ƙwayoyinsu suka yi rauni, masu ƙanjamau da CD4 ɗinsu ya faɗi, masu shan magungunan da ke danne garkuwa irin su prednisolone da yawa, masu wankin ƙoda, ƙananan yara sosai, su ne ya fi yi wa shiru, alhali su ne tibi ta fi tashi musu. Negetif a wurinsu ba takardar sallama ba ce. Haka wanda bai daɗe da zama da mai tari ba, jiki na ɗaukar makonni kafin ya koyi fuskar ƙwayar, shi ya sa akan ce a sake bayan sati 8. Akwai kuma 'yan dangin tibi ƙalilan masu ɗauke da furotin biyun nan, kamar wadda ake samu a tankin kifi, da za su iya sa ya fito fozitif, amma wannan ba kasafai ba.

Wani zai ce akwai T-SPOT.TB ai. Akwai, shi ma intaferon gama ɗin yake bi, bambancin shi ana ware fararen ƙwayoyin a ƙirga su sannan a ƙirga ɗigo-ɗigon waɗanda suka yi ihu ɗaya bayan ɗaya, maimakon auna yawan ihun cikin ruwan jini. Ni ba a yi min shi ba don haka ba zan yi masa hukunci ba. Wani abin dariya da na ci karo da shi, wannan dabara ba don mu aka fara ƙirƙiro ta ba, don shanu ce, masu bincike a Ostiraliya suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1980 don gano tibin shanu, daga baya aka juyo da ita kan mutane, Amurka ta amince da nau'in farko a 2001, shekarar da rahoton infliximab ɗin nan ya fito, kamfanin Qiagen ya sayi masu yin sa a 2011, wannan mai kwalba huɗun kuma ya samu amincewar Amurka a 2017. Kwalba mai rawaya ita ce ƙarin, an sa mata gajerun gutsattsari don ƙwayoyin T masu lambar CD8 su ma su samu bakin magana, ba CD4 kaɗai ba. Ko wannan ƙari ya canza wani abu a wurina, ban ga alama ba, lambobina biyu kusan ɗaya suke.

An ɗora ni kan maganin tibi mai suna isoniazid kullum tare da bitamin B6 don kar ƙafafu su fara tsikari da mutuwa, ana duba hantata lokaci-lokaci. Akwai gajerun hanyoyi, rifampicin na wata 4 ko haɗin isoniazid da rifapentine sau ɗaya a sati har sau 12, likitana ya zaɓi tawa ne saboda wasu magungunan da nake sha. Da na cika wata guda a kai aka yi min allurar farko a cinya. Sati na uku na farka da asuba na sauko daga gado na kai bakin ƙofa kafin na tuna ai da sai na dafa bango.

Rannan na ce wa likita in na gama maganin a sake min gwajin in ga ya koma negetif hankalina ya kwanta. Ya ce kar ka ɓata jininka, yawanci fozitif yake zama ko an gama magani, ƙwayoyin T ɗinka ba za su manta fuskar ba don ka sha ƙwaya. Abin da ya ce in sa wa ido shi ne tari da ya wuce sati biyu, zazzaɓin da ba dalili, rama, ko ƙulli a wuya, in na ga ɗaya in tsayar da allurar in zo, kar in jira ranar da aka ba ni. Takardun biyu na haɗa su da fil na sa cikin fayil ɗina, ta farkon da zagayen bironsa a kan 0.2 tana sama.